Kowanne Yana Cikin Iyaka

"Ƙarfe huɗu na ce, Auta. Ba huɗu da kwata ba."

Abba ya ajiye kofin shayinsa ba tare da ya kurɓa ba. Auta na tsaye a bakin ƙofar falo, jakar aiki a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Wanda kike so ki aura ya zo da ƙafarsa, ya zauna a kujerar nan, ya yi min magana da bakinsa. In na ga mutum a gabana zan saurare shi. In bai zo ba, ƙarfe biyar kawun Manajanku zai zo jin amsar aurenki da yake nema masa, kuma ba zan ƙara ce wa dattijo ya dawo wani makon ba. Sau uku ke nan ina juya shi."

"Zai zo, Abba."

"Haka kika ce wancan makon."

"Wancan makon ranar ƙarin ruwansa ce."

Gwaggo, ƙanwar Abba da ta riƙe Auta tun rasuwar Umma, ta ja tsaki daga inda take yanka burodi.

"Ƙarin ruwa, ƙarin ruwa, sai ka ce shuka. Ni fa ban ƙi yaron nan ba, Allah ya sani. Yana da ladabi, shi ya gyara min injin markaɗe da kowa ya ce in yar. Amma abin nan da ke wuyansa…"

"Kansa sunansa, Gwaggo. Kansar maƙogwaro. Faɗin sunan ba ya sa ta kama mutum."

"A'uzubillahi! Da sassafe, a kan abinci?"

"Kuma ba a ɗaukarta a kofi. Na ga kofin da ya sha ruwa da shi a kwandon shara."

Gwaggo ta kawar da kai, ta ci gaba da yankan burodin da ta riga ta gama yankawa.

Abba ya cire tabarau ya murza idanunsa. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka, kuma wannan ya fi tsawa tsorata Auta.

"Shekararki ashirin da takwas, kina da karatunki da aikinki. Ba zan ɗaure ki in miƙa wa kowa ba. Amma na yi jinyar mahaifiyarki shekara biyu, Auta. Na san warin ɗakin jinya. Na san yadda mutum ke ƙarewa kana riƙe da hannunsa. Ba zan sa albarkata a kan hanyar da na san inda take kaiwa ba, sai na ga da idona cewa ba can ta nufa ba."

Ta sa ɗaya takalmin ta fita.

Wanda ake magana a kansa, a masana'anta kowa Malam Milimita yake ce masa. Laƙabin tsokana ne da ya manne. Shi ne shugaban sashen awo, shi ya koya wa Auta riƙe ma'auni shekara huɗu da suka wuce, mutumin da zai mayar da kwali guda na ƙarfe saboda kaurin da bai kai silin gashi ba. Wata shida da suka wuce Abba da kansa yake cewa bai taɓa ganin yaro mai tsayayyar magana irinsa ba.

Amma mutumin nan da ba ya yi wa ƙarfe afuwa, wata takwas ya yi da ƙullutu a wuyansa. Wata takwas! Mai kyamis ya ce hangum ne, ya ƙirga masa ƙwayoyi. Wani ya ce haƙori ne, aka cire masa lafiyayyen haƙori. Muryarsa ta dishe, aka ce sanyi ne, ya sha zuma. Duk wanda ya tambaye shi ya jiki, sai ya ce da sauƙi, mai tambayar ya ce madalla, kowa ya kama gabansa. Haka muke kashe junanmu, da gaisuwa da murmushi. Ranar da aka kai ga likitar da ta zura masa kyamara a maƙogwaro, ciwon ya riga ya bar inda ya fara ya bazu a ɓangarori biyu na wuya. Likita ta ce wuƙa ba za ta yi ba tukuna, sai an fara da kemo, wato maganin kansa da ake sawa ta ƙarin ruwa duk bayan mako uku.

An yi masa biyu. Yau kwana takwas da na biyun.

* * *

Asabar rabin yini ake yi a masana'anta. Injin jan ruwa suke haɗawa, irin na manoma. Auta ta tarar da Manaja a ɗakin awo, zaune a gefen teburinta, yana kaɗa mukullin mota a yatsa.

"Ranki ya daɗe, Mai Awo. Sa hannunki kawai nake jira. Inji ɗari huɗu, Litinin motar za ta ɗauka."

"Ba zan sa ba, Yallaɓai."

"To fa. Me suka yi miki kuma?"

Ta jera ƙarafa biyar a kan teburin: sanda, boris, washa, zobe da murfi. Su ne ke hawa kan juna a cikin injin, a ƙarshensu farfela take juyawa.

"Kowanne an yi masa rangwame a zane. An yarda ya ɗara ko ya gaza da kashi ɗaya cikin goma na milimita."

"Na sani. Kuma na duba takardunki, kowanne yana cikin iyaka. Ga alamarki nan, biyar cif."

"Kowanne shi kaɗai, e. Amma wanda ya yi zanen ya dogara da cewa in wannan ya ɗara, wancan zai gaza, su cike wa juna. Wannan karon duka biyar ɗarawa suka yi, kowanne ya je ya tsaya a bakin iyaka. Bakin injin yanka ya dakushe tun makon jiya, na rubuta maka, ba a canza ba. Ka haɗa ɗaya sau biyar, ka samu kusan biyar. Sararin da farfela take da shi uku ne."

"Ai zai shiga."

"Zai shiga da guduma."

"In ya ɗan goga, mako ɗaya zai cinye ya saki jiki. Kullum haka ake yi."

"Zai cinye ya ƙone a gonar wani, lokacin da shukarsa ke neman ruwa."

Manaja ya yi dariya. Kyakkyawan mutum ne, mai ƙoshin lafiya, irin wanda rigarsa ba ta taɓa yamutsewa. Ba mugu ba ne, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ba Auta tsoro. Da mugu ne da Abba ya gani.

"Wannan taurin kan ba naki ba ne, na Milimita ne. Ya jikin nasa? Wallahi ina tausaya masa. Kin san ni na hana a ba wani kujerarsa."

"Na sani. An gode."

"Ni ba gaba nake da shi ba, Mai Awo. Amma ke mai lissafi ce. Ki yi wa kanki irin wanda kike yi wa ƙarfe." Ya sauko daga teburin, ya gyara hannun riga. "Ƙarfe biyar kawu zai je. Na saya masa sabon takalmi ma saboda tafiyar."

Ta ɗauki jan katin hana fitar da kaya ta ɗaura a kan kwalin farko.

* * *

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna ta hau benen da Malam yake zaune tare da yayarsa. Ta zo ne ta ga ko yana buƙatar wani abu kafin huɗu. Yaya ce ta buɗe ƙofa, fuskarta cike da fara'a.

"Shigo ki ga angonki. Tun sha biyu ya shirya, wai kar tasi ta ɓata masa lokaci. Ni na goge rigar, shi ya goge takalmi, sau biyu."

Yana zaune a bakin gado, ƙafafunsa a haɗe, hannuwansa a kan gwiwa. Farar rigar da Auta ta san tana kama kafaɗunsa yanzu rataye take a jikinsa. Ya ja hula har kan girarsa, ya naɗe wuyansa da ƙyalle mai launin toka don ya rufe kumburin. Leɓunansa sun tsattsage. Ya yi mata murmushi da gefe ɗaya na baki, gefen da ba ya ciwo.

"Kin zo duba kaya kafin a fitar?" Muryar da ƙyar take fita, kamar ana jan takarda a kan siminti.

"Na zo. Ya jikin?"

"Da sau…"

"Kar ka ƙarasa, Malam."

Ta ja kujera ta zauna gabansa. Ɗakin da zafi, fanka a kashe, taga a rufe. Sai ta ga gwiwoyinsa. Hannuwan da ya ɗora a kansu ba don ladabi ya ɗora ba. Danne su yake yi, don suna karkarwa.

"Sanyi kake ji?"

"Ɗan kaɗan."

"Ina littafin?"

Tun ranar kemo na farko Likita ta ba su takarda mai ɗauke da abubuwan da in an gani a garzayo asibiti. Malam, da yake shi ne, ya mayar da takardar littafin awo. Ya ja layuka da rula: ga iyakar Likita a hagu, ga awon yau a dama, ga gurbin alama a ƙarshe. Ya miƙo mata da alfahari, kamar ɗalibin da ya san ya ci jarrabawa.

Zafin jiki. Iyaka: talatin da takwas. Yau: talatin da bakwai da ɗigo takwas. Alama.

Amai. Iyaka: fiye da uku a yini. Jiya: uku. Alama.

Ruwa. Iyaka: kar ya gaza kofi takwas. Jiya: takwas. Alama.

Nauyi. Iyaka: kar ya zube fiye da kilo biyu a mako. Wannan makon: ɗaya da ɗigo tara. Alama.

Abinci. Iyaka: in ya kasa haɗiyar komai. Jiya: madara rabin kofi. Alama.

"Kin gani," ya ce. "Kowanne yana cikin iyaka."

Auta ta sake karanta shafin daga sama zuwa ƙasa, ta juya baya ta duba na shekaranjiya, da na kafinsa. Kullum lambobin na matsowa, kowanne ta gefensa, duka suna tafiya waje ɗaya.

"Kofi takwas ɗin nan, nawa ne suka zauna a cikinka bayan aman?"

Ta ƙara masa wata tambayar.

"Yaushe rabonka da fitsari?"

"Auta, haba. Gaban Yaya?"

"Yaushe?"

"Jiya… da rana."

"Zafin jikin, yaushe ka auna?"

Yaya ta amsa daga bakin ƙofa, da kyakkyawar niyya.

"Wajen goma ne. Da asuba dai jikin ya yi zafi rau, sai ya ce in ba shi farasitamol biyu. Kin ga kuwa ya sauka, alhamdulillahi."

Auta ta juyo a hankali ta dube shi. Ya sunkuyar da kai.

"Ka sha maganin sauke zazzaɓi, sannan ka auna, sannan ka sa alama."

"Lambar gaskiya na rubuta."

"Da ni na yi maka haka a ɗakin awo, da ka kore ni ranar."

Ta ɗauki ma'aunin zafi daga kan akwatin gefen gado, ta miƙa masa. Ya ƙi karɓa. Ta ci gaba da miƙawa har ya karɓa ya sa a hammata. Minti ɗayan nan ana jin ƙarar haƙoransa da yake ƙoƙarin hanawa. Abin ya yi ƙara. Talatin da bakwai da ɗigo tara.

"Bai kai ba," ya ce da sauri. "Kin gani da idonki, bai kai ba."

"Malam, kai ka koya min. Rana ta farko, ka jera min ƙarfe biyar a tebur, ka ce duk mai awon da ke duba su ɗaya ɗaya bai fara aiki ba. Ka ce in haɗa. To na haɗa. Ba ka ci, ba ka riƙe ruwa, ba ka fitsari, jikinka na rawa, zazzaɓin na hawa duk da magani a kansa, kuma yau kwana takwas. Me Likita ta ce game da kwana bakwai zuwa sha huɗu?"

Ita ta ba kanta amsa.

"Ta ce lokacin ne sojojin jininka ke ƙarewa. Ta ce ƙaramin ciwo a lokacin yana iya kwantar da mutum cikin yini ɗaya. Tashi mu tafi asibiti."

"Bayan huɗu."

"Yanzu."

"Auta, awa uku ce kawai." Ya haɗiyi yawu, fuskarsa ta yamutse don zafin haɗiyar. "Minti goma zan yi gaban Abba. Na shirya abin da zan faɗa, na rage shi, na rage shi, jimla shida ce. Na gwada a madubi, ina iya faɗin su ba tare da na yi tari ba. Daga can sai asibiti, wallahi. Ki kai ni da kanki."

"In ka faɗi a falonmu fa?"

"Ba zan faɗi ba."

"In ka faɗi a bene? A tasi?"

"In na je asibiti yanzu ba za su sake ni ba. Kin sani. Za su kwantar da ni, su zura min robar abinci ta hanci. Biyar za ta yi ina kwance kamar tsumma, wani kuma yana zaune a kujerar da aka ce in zauna." Hawaye ya gangaro masa, bai share ba. "Ciwon nan ya karɓe min murya. Ya karɓe min ɗanɗano, ruwa ma kamar ƙarfe nake jin sa. Kunnena ƙara yake yi ba dare ba rana. Na bar masa duka, ban yi gardama ba. Ke kaɗai na ce ba zan ba shi ba. Mako guda nake tattalin ƙarfin awa ɗayan nan, Auta. Kar ki zama ke za ki karɓe."

Kuka ya ƙwace mata. Ta toshe baki da gefen gyalenta, kafaɗunta na jijjiga. Yaya ma ta fara sharɓe a bakin ƙofa.

"Ki bar shi ya je mana, ƙanwata. Da sauƙi fa yau, jiya ma ya fi haka…"

"Yaya, don Allah kar na ƙara jin kalmar nan a ɗakin nan!"

Ta tsorata da muryarta. Ta sassauta, ta juyo gare shi.

"Kana tsammani ban so ka je ba? Tun Litinin ba na iya cin abinci. Na san Abba, in ya faɗi magana ya faɗa. Na san abin da zan rasa in huɗu ta yi kujerar nan ba kowa. Amma ni ba kujera nake so ba, Malam. In na rasa ka a wurin Abba, zan ci gaba da roƙo, wata, shekara, har ya gaji da ni. In na rasa ka ta ɗaya hanyar, wa zan roƙa?"

Ta ciro waya. Ya miƙo hannu ya riƙe igiyar jakarta, riƙon da ko yaro zai iya ɓanɓarewa.

"In kika kira tasin nan, kin zaɓa min."

"Na zaɓa."

Ya saki igiyar. Bai ƙara ce mata komai ba, ko a bene da ita da Yaya suka tallafe shi, ko a tasi. Ya jingina kai da gilashi ya rufe ido. A mahaɗar titi ta biyu ya fara sambatu, yana kiran lambobi, yana ce wa direba ya sake aunawa.

* * *

Likitarsa gajeriyar mace ce mai tabarau, ba ta ɓata kalma. Ta taɓa goshinsa, ta duba bakinsa da fitila, ta karɓi littafin ta karanta a tsaye.

"Wa ya ba shi farasitamol?"

Yaya ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Na rubuta a takarda, na faɗa da baki. Takardar nan ba jarrabawa ba ce da za a ci da maki ɗaya. Cewa na yi in kun ga abu ku zo, ban ce ku zauna kuna jira ya cika ba."

Kafin rabin awa an ɗebi jini, an sa masa ruwa a hannu biyu, an tura shi wani ɗaki shi kaɗai mai ƙofar gilashi. Ma'aunin asibiti ya nuna talatin da tara da ɗigo biyu. Da sakamako ya fito, Likita ta same su a baranda.

"Ƙwayoyin da ke yaƙar cuta a jininsa sun kusa ƙarewa, kuma cuta ta shiga jinin. Ƙodarsa ma ta fara gajiya, maganin da muke ba shi ba ya son jiki marar ruwa. Mun fara allurai. Ba mai shiga sai da takunkumi da wankin hannu. Awannin nan masu zuwa su za su gaya mana."

"Da mun bari sai biyar fa?" Auta ta tambaya.

Likita ta dube ta ta saman tabarau.

"Kar ki tambaye ni wannan. Ki gode wa Allah kun zo."

Auta ta zauna a bencin ƙarfe da ke fuskantar ƙofar gilashin. Akwai agogo a bangon barandar. Ta yi ƙoƙarin kar ta kalle shi, ta kasa. Uku da rabi. Huɗu saura kwata. Ta ga Gwaggo a ranta tana gyara labule, ta ga Abba ya sa tabarau ya zauna yana fuskantar kujerar.

Huɗu da minti ɗaya wayarta ta yi ƙara.

"Ina jinki," in ji Abba.

Ta shirya ƙarya tun a tasi: cunkoson titi, mota ta lalace, minti talatin kawai. Ƙaryar na kan harshenta.

"Ba zai zo ba, Abba. Ya shirya tun sha biyu, ya goge takalminsa. Ni na hana shi. Ya roƙe ni da kuka, na kawo shi asibiti. Yana kwance, an ce cuta ta shiga jininsa." "Ban san ko zai kai gobe ba. Abba, tsoro nake ji."

Can ta jiyo Gwaggo daga nesa tana cewa, "Ai na faɗa, ai na faɗa."

"Wane asibiti?"

"Inda aka kwantar da Umma."

Ya kashe wayar.

Shekara goma sha ɗaya Abba bai taka asibitin nan ba. Ko titinsa ba ya bi, gara ya zagaya ta kasuwa ya ƙara rabin awa. Don haka Auta ba ta sa rai ba. Ta haɗa kai da gwiwa, tana jin Yaya na jan addu'a a gefenta.

Biyar saura minti goma ta ji takun da ta sani.

Yana tafe a hankali, hannu ɗaya na bin bango, yana kallon ƙasa don kar ya ga ƙofofin. Da kayan da ya sa don karɓar baƙo ya zo. Bai kalli Auta ba. Ya tsaya gaban Likita da ke rubutu a kan teburin nas.

"Likita, ni mahaifin yarinyar nan ne. Tambaya ɗaya gare ni, kuma kar ki yi min da sauƙi, na sha jin sa a barandar nan. Zai rayu?"

Likita ta rufe biro.

"Baba, ba ka cikin waɗanda ya ce in yi wa bayani, amma tunda kai mahaifinta ne, zan faɗa maka abin da na faɗa musu. Yau ban sani ba. In ya haye yau da gobe, ciwon wuyan ya fara raguwa da maganin, na auna da hannuna. Akwai waɗanda suka zo min a haka suna nan suna aikinsu. Akwai waɗanda ba su kai ba. Ba zan yi maka alkawari ba."

Abba ya gyaɗa kai, ya taka zuwa ƙofar gilashin.

An cire wa Malam hula da ƙyallen wuya. Babu abin da ya rage a ɓoye: kan da gashi ya zube, kumburin, robobin da ke hannuwansa. Idonsa a buɗe yake. Ya ga wanda ke tsaye, sai ya dafa katifa ya fara yunƙurin tashi. Robar ruwa ta miƙe, ƙarfen da aka rataye ta ya karkata. Nas ta yi kansa da gudu.

Abba ya ɗaga tafin hannu ya manna a gilashin.

"Kwanta," ya ce, duk da ba za a ji shi a ciki ba. "Kwanta, ɗan nan."

Ya daɗe a tsaye. Da ya juyo, ya zo ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ya bar tazarar mutum biyu tsakaninsu. Ya ciro waya, ya nemo lambar kawun Manaja.

"Ranka ya daɗe, ka fito? To ka yi haƙuri, ka koma. Kar ka zo yau. A'a, ban ce komai ba tukuna. Yau dai na ce."

Yau. Auta ta riƙe kalmar, ta juya ta ta kowane gefe, ba ta san ko ta yi murna ko ta ƙara kuka ba.

"Abba…"

"Kar ki gode min. Ban ba shi ba, ban hana shi ba. Sharaɗina bai cika ba, kuma ke kika karya shi."

"Na sani."

"Da kin kawo min shi a haka don ki burge ni, da ban yafe miki ba."

Ta buɗe baki za ta amsa, sai wata na'ura ta fara ƙara a cikin ɗakin, ƙara mai sauri, ba irin ta ɗazu ba. Likita ta yar da biro. Wata nas ta wuce su da gudu tana tura keken magunguna, aka ja labule ya rufe gilashin.

Minti biyu. Uku. Yaya ta zame daga bencin ta durƙusa a ƙasa, ta kasa tashi.

Ƙofar ta buɗe, nas ta leƙo, takunkumi a fuskarta.

"Jininsa ya yi ƙasa, za mu mayar da shi ɗakin kulawa ta musamman. Likita na son magana da nasa. Su wane ne nasa a nan?"

Auta ta miƙe.

A ɗaya ƙarshen bencin, Abba ya riga ta miƙewa.